Zuben Kaka da Waya Ta Share

Ni mai hoto ne, kuma ba na jin kunyar faɗa, ko da yake yanzu in ka faɗi haka a Talata Mafara sai a dube ka kamar ka ce fitilar ƙwai kake sayarwa. Shagona yana bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran babur da mai nikan hatsi. Da can, ranar kasuwa ba na ganin abinci sai bayan la'asar. 'Yan mata su shigo da sabon ɗinki, angwaye su shigo, har wani mutumin Morai ya taɓa jawo mini bijiminsa ƙofar shago wai a ɗauke su tare kafin ya sayar. Yanzu kowa da kyamararsa cikin aljihu. Abin da ya rage mana shi ne hoton fasfo, da na 'yan makaranta, sai bikin masu son babban hoto na rataya a bango.

Kada a ce ina gaba da waya. Ina da ita, da ita nake ɗaukar 'ya'yana in sun yi abin dariya, don kafin in ciro kyamara daga jaka an gama abin. Tana da sauƙi, ba ta da nauyi, kuma cikin duhu ma tana yin ƙoƙarinta. Abin da ke ɓata mini rai ɗaya ne: waya ba abin da ta gani take ba ka ba, abin da take zaton kana so take ba ka. Baƙi ya koma wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ya koma fari tas, ƙuraje su ɓace, tsoho ya koma saurayi. Har ta kai mutum ya zauna gaban kyamarata, in nuna masa fuskar da Allah ya ba shi, ya yamutse baki ya ce, "Malam, ba ka iya gyara ni kamar na waya?" Na sha haɗiye magana a kan wannan.

To, wannan hali nata ya kusa jawo mana abin da ba za mu taɓa mantawa ba a gidanmu.

Kakata, wadda ta haifi babana, 'yar Faru ce. Da zaman ƙauye ya yi wuya a shekarun nan, sai baffana, ƙanen babana, ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa cikin Maradun. Tsohuwa ce gajera mai kaifin baki, kuma tana da zube, wato tsagar nan ta gado da wanzami ke yi wa jariri, layi-layi a kumatu tun daga gefen kunne har kusa da baki. A zamaninsu da shi ake gane gidan da mutum ya fito. Mu jikoki babu wanda aka yi wa.

Tana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun tana yarinya, ba a ma fara maganar aurenta ba, ya bi malaminsu da ƙafa suka nufi gabas aikin Hajji. Daga nan shiru. Iyayensu suka rasu ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Kowa ya ɗauka ya mutu a hanya, ban da ita. In ana sadakar mamatan gida ana jero sunaye, da an zo kansa sai ta ce a tsallake, ita ba ta ga gawa ba.

Rannan wani maƙwabcin ƙanwata a Bakura, inda take aure, ya dawo daga Makka da labari. Ya haɗu da wani mutumin Sudan mai jin Hausa, suka yi ta hira, mutumin ya ce babansa asalinsa ɗan Faru ne ta ƙasar Maradun. Ya faɗi sunan kakansa, ya faɗi unguwa. Alhajin ya karɓo lambar waya ya kawo. Ashe tsohon yana da rai. Bai kai Makka ba sai da ya manyanta, a Sudan ya tsaya ya yi aure, ya tara iyali. Ya tsufa tukuf, ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana gani dishi-dishi, kunne ma sai an ɗaga murya.

Aka gwada kiran da ake ganin juna. Ina! Sabis ɗin Maradun ya ƙi, fuska ta riƙa tsinkewa, murya ta riƙa yankewa, tsoho bai ji komai ba bai ga komai ba. Sai ɗansa, wanda ya haɗu da alhajin, ya ce mana baban ya ce a aiko hoto. An taɓa kawo masa wasu aka ce danginsa ne, ya saki jiki, daga baya ta bayyana ba haka ba ne, abin ya yi masa ciwo. Saboda haka yanzu sai ya gani da idonsa.

Gida da mai hoto, ai ka ce magana ta ƙare. Amma ƙanwata akwai gaggawa, tun tana ƙarama haka take. Aka yi suna a gidan mijinta, Kaka ta je Bakura, ita ko ta ga dama ta samu. Ta sa mata leshi, ta ɗaura mata kallabi irin na matan birni, ta shafe ta da hoda, ta zizara mata kwalli, ta ɗauke ta da sabuwar wayarta ta tura Sudan. Ko ta gaya mini. Wai kada mutanen can su ɗauka mu ƙauyawa ne.

Amsa ta zo tun kafin taron suna ya watse, saƙon murya. Don murna ba ta tsaya ta saurara ita kaɗai ba, ta tara mata a tsakar gida, ta zaunar da Kaka a tsakiya, ta ƙure ƙarar waya. Muryar tsoho ta fito tana rawa, da irin Hausar da kakanninmu ke yi:

"Allah shi yi wa wagga baiwar Allah albarka. Amma wagga ba ƙanwata ba ta. Ɗiyan gidanmu da zube su. Don Allah ku bar wahal da tsoho."

An ce Kaka ta miƙe. Ta ɗauki butarta ta zagaya bayan ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta turo mini hoton. Wallahi da a hanya na ga matar nan, gaishe ta zan yi in wuce. Fuska sumul kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare, babu zube, babu tamoji, sai ido da hanci da baki. Na ce mata, "Ke, wannan uwar wa ce?" Ta ce ita ba ta yi komai ba, haka wayar ke fito da hoto. Na ce ta rantse. Ta ce to, ta ɗan ja abin gyaran fuska kaɗan, kaɗan fa, don kumatun Kaka sun yi kaushi da yawa. Na yi mata faɗan da har mai nikan hatsi ya kashe injinsa ya leƙo.

Da na huce sai na kira ɗan tsohon. Hausarsa rabi Larabci ce, amma mun fahimci juna. Ya ce baban ya hana a sake yi masa maganar. Ya ce kuma jikin nasa ba daɗi, abinci ma sai an lallaɓa. In muna da wani abin da za mu nuna, mu hanzarta. Tsohuwar da ta ƙi a yi wa wanta sadakar mamaci tun kafin a haifi babana, ga shi an same shi da rai, kuma yana shirin barin duniya yana cewa bai san ta ba.

Na rufe shago, na rataya jakar kyamara, na shiga motar Maradun. Duk hanya ina cika baki a zuciyata, yau za a ga bambancin mai sana'a da 'yan latse-latse.

Tsakanina da Kaka akwai wasan jika da kaka. Mijinta take kira na. Kullum in na shiga gidan, tun daga zaure nake jin ta: "Ga mijin banza nan, ya taho hannu na dukan cinya! Ina cefane?" Ni kuma in ce matar da ba ta da haƙori me za ta yi da nama. Rannan na yi sallama, na durƙusa a ƙofar ɗakinta, na gaishe ta. Ta amsa mini tiryan-tiryan, ina gajiya, ina iyali, ina aiki, ina mutanen Mafara, kamar wani baƙo ya zo. Babu zagi ko ɗaya. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Matar baffana ta lallashe ta da ƙyar. Aka fito da kujera tsakar gida, rana tsaka, aka zaunar da ita. Na hana a shafa mata komai. Na kafa kyamara, na kunna filasha don ta kashe inuwar da rana ke yi a ƙarƙashin ido, kamar yadda nake yi wa kowa, na ɗauka. Na duba bayan kyamara. Kaka ce, babu shakka, da tsufanta da komai. Amma zuben ya shige cikin tamoji, sun cakuɗe, ba ka gane wanne wanzami ya yi wanne shekaru suka yi. Ni mai ido biyu sai da na ƙura. Ina ga tsoho mai rabin ido?

Na sake ɗauka, na matso, na ja baya, duk ɗaya. Kyamarar ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta faɗi abin da nake so ta faɗa ba. Sai daga baya na gane inda matsalar take. Zuben tsoho ba launi ba ne, ɗan rami ne marar zurfi, kuma rami ba ya fitowa a hoto sai da inuwa a cikinsa. Ni kuwa na watsa mata haske ta gaba na cike ramukan duka.

Kaka ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta ce, "Kun ƙare? To ku ji. Ba ni ƙara kai huskata a ƙi ta. Wanda bai san ni ba, Allah ya san ni." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Na kwana a gidan, ba don ina da wata dabara ba, sai don kunyar komawa Mafara haka.

Washegari da hantsi ina zaune gindin dogon yaron da baffa ke ɗaure tumaki, ina kurɓar kunu, sai ta ɗage labule ta zauna a bakin ƙofarta daga ciki. Ta yi wanka, ta shafa man kaɗe a fuska kamar yadda ta saba, ta ɗora faifai a cinya tana tsintar wake. Ɗakin da duhu a bayanta, rana kuma ta shigo ta gefen katanga ta kwanta mata a kumatu ɗaya. Na ajiye kofin kunu. Zuben nan ya tashi raɗau, layi bayan layi, kowanne da siririyar inuwarsa, tamoji sun bi tasu hanya, shi ya bi tasa. Tun ina yaro nake kallon fuskar nan, ban taɓa ganin aikin wanzamin sosai ba sai ran nan.

Na san in na matso za ta ja mayafi. Sai na ciro dogon gilashin da nake ɗaukar masu wasan ƙwallo da shi, wanda ke jawo nesa kusa, na ɗaura. A nan kam waya ba ta da ta cewa. Daga inda nake, in ka jawo fuska da waya sai ta dagule, sannan wayar ta cike abin da ba ta gani ba da nata tunanin, mu koma gidan jiya.

Na ɗaga murya na ce, "Uwargida, daga nan zan ɗauka, ba sai kin tashi ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗauki abin da kag ga dama. Ni dai ba ni kallon ka."

Ta ba ni izini, amma kanta na sunkuye, goshi kawai nake samu. Rana kuwa tana hawa, in ta wuce katanga shi ke nan. Tumaki suna ta jan igiyar jakata. Na rasa yadda zan yi, sai na ce, "Wai waken nan tsinta kike yi ko ƙara masa tsakuwa? Na jiya saura kaɗan ya cire mini haƙori. In kin gaji da girki ki faɗa, in riƙa ci a kasuwa."

Kai! Ta ɗago a fusace, ta nuno ni da yatsa. "Ubanka ma da wanga hannu yac ci har yag girma, ɗan nema!"

Na danna. Ban daina dannawa ba sai da ta gama zagin.

Hoton da na zaɓa, ta haɗe gira, baki a ɗan buɗe, kallabi ya karkace, man kaɗe na ƙyalli a goshi. Matar baffa ta leƙa ta ce, "Haba dai! Wannan za a kai wata ƙasa? Tana faɗa?" Ƙanwata ma da na tura mata ta ce don Allah in ɗan sassauta girar, ko in daidaita kallabin. Na ce wanda ya sake yi mini maganar gyara, ni da shi ne.

Na koma Mafara na ɗora shi a kwamfuta, na buɗe shi ya cika allo. Ban taɓa komai ba. Sai kuma ga ni na dawo hannun wayar da nake zagi, don babu yadda hoto zai je Sudan sai ta cikinta. Ita kuma in ka ba ta hoto haka kawai, matse shi take yi don ya yi saurin tafiya, ƙananan layuka su narke. Na tura shi da cikakken nauyinsa, ina tsaye bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi, hannu a sama, masu kabu-kabu suna ta tsayawa suna zaton tsayar da su nake yi.

Da ya shiga na kira ɗan tsohon. Na ce, "Ɗan'uwa, don girman Allah kada ka nuna masa a fuskar waya. Ka kai wa mai hoto na garinku ya wanke shi babba, kamar faifai ko ya fi. Ka fito da Baba waje da safe, ka riƙe masa ta wajen idon da ke gani." Ya ce baban ya hana maganar, amma zai gwada, in sha Allahu.

Daga nan shiru. Kwanaki suka yi ta wucewa. Na kira, waya a kashe. Na tura saƙo, bai shiga ba. Ƙanwata ta dame ni da kira safe da yamma, baffa ya ce Kaka ba ta tambaya, kuma tuwon da ake kai mata rabi ke dawowa. Ni kaina aiki ya gagare ni, har na yanke wa wani ɗan makaranta kunne a hoton fasfo, sai da uban ya dawo da shi. Abin da nake tsoro ban iya faɗa wa kowa ba: kada a ce tsohon ya cika kafin a wanke hoton.

Ranar wata Talata, shago cike da mutane, waya ta yi ƙara. Saƙon murya biyu. Na fita bayan shago na saurari na farko, na ɗan tsohon. Ya ce a yi haƙuri, wuta ce babu a garinsu, kuma sai da ya je wani gari kafin ya sami mai wanke babban hoto. Ya ce ya kai wa Baba bai ce masa komai ba, ya dai ɗora masa a cinya. Tsoho ya kawo shi dab da ido, ya sa yatsa yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Tun safe yake riƙe da shi, ya hana kowa taɓawa, har ya nemi a dama masa kunu. Saƙo na biyu na tsohon ne da kansa, kuma ya ce na ƙanwarsa ne.

Na zauna a kan buhun dusar mai niƙa ina ta Alhamdu lillahi, ban san hawaye na zuba ba sai da mai gyaran babur ya tambaye ni wa ya rasu. Na ce babu wanda ya rasu. Na sallami mutanen shago na ce su dawo gobe. Saƙo na biyun ban buɗe ba, tunda ba nawa ba ne.

Na kira ƙanwata, ta taso daga Bakura ta same ni a tasha, muka isa Maradun bayan la'asar. Kaka na zaune a tabarma tana jan carbi. Muka gaisa. Na ce an aiko saƙo daga gabas. Ta kau da kai ta ce ita ta ji wanda za ta ji. Ban yi gardama da ita ba, na ajiye wayar a gefen tabarmar na danna.

Tsoho ya yi tari, ya yi sallama, ya shiga gaisuwa. Ina kwananku, ina gajiya, ina ruwa, ina mutanen Faru. Ya riƙa tambayar mutane da sunansu, waɗanda baffa ya ce tun yana yaro aka binne su. Kaka ba ta juyo ba, amma carbin ya tsaya. Sai ya yi 'yar dariya mai haɗe da kuka ya ce, "Na ga zuben gidanmu. Huskar Inna kika ɗauko duka, har da hwaɗan. Ki gahwarta mani, idona na ya tsuhwa."

Ya ja numfashi. Sannan ya kira wani suna. Ba sunanta na yanka ba ne, ba kuma wanda jikoki ko surukai ke kiran ta da shi ba. Na dubi baffa, ya girgiza kai, shi ma bai taɓa jin sa ba.

Kaka ta ce, "Na'am."

Ya sake kira. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci wayar, ta gyara mayafi kamar ya shigo ɗakin. "Na'am, Yaya. Ga ni."

Ƙanwata ta matsa kusa da ita tana share ido, ta ce a hankali, "Kaka, ba ya jin ki fa, naɗaɗɗiyar magana ce. Bari a naɗi taki a tura masa."

"Ke, ruhe mani baki, da yayana nika magana."

Saƙon ya ƙare. Ta zauna tana kallon wayar, sannan ta zungure ni da ƙafa. "Kai, mijin banza, taɓa abin nan shi sake kira na."

Na mayar da shi farko. Ta zauna ta saurari gaisuwar duka tana amsa kowace, lafiya lau, lafiya lau, sun riga mu gidan gaskiya, har ya iso kan sunan, ta sake amsawa.